Filin Lafiyarku: Maganin Tayirod da Ƙwayoyin Ƙarin Jini, Kalsiyam da Bitamin

Wasiƙun da suka taru a wannan wata sun karkata ga batu guda, wato yadda mai shan maganin tayirod zai yi da sauran ƙwayoyin da ake sha domin ƙarin jini, ƙarfin ƙashi, gyaran gashi ko inganta lafiya. Mun zaɓi shida daga ciki, mun taƙaita su, kuma mun cire sunayen masu su kamar yadda muka saba. Maganin da ake magana a kansa shi ne wanda aka rubuta levothyroxine a jikin kwalinsa, wanda ake bai wa mutumin da tayirod ɗinsa ya gaza aiki ko aka cire masa shi. A nan za mu riƙa kiransa tayiroksin.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce mai shekara 38. Na daɗe ina shan tayiroksin mai lamba 100 da ruwa kowace asuba, kuma lafiyata ƙalau. Watanni huɗu da suka wuce jinin al'adata ya yi yawa, aka auna aka ce jinina ya yi ƙasa, aka rubuta mini maganin ƙarin jini. Don kada in manta, sai na koma haɗa su duka ina sha lokacin karin kumallo da shayi. Yanzu kasala ta dawo, ina jin sanyi ko da tsakar rana, gwajin TSH ya nuna 9, kuma ana maganar ƙara mini ƙarfin maganin. Ƙawata ta ce maganin ƙarin jinin ne yake kashe na tayirod, in daina shi. Me zan yi? (Daga Zariya)

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ƙara sauƙi. Ƙawarki ta hango inda matsalar take, amma shawararta ba za ta fisshe ki ba, domin kina buƙatar magungunan biyu. Abin da ya kamata a gyara shi ne lokacin shan su.

Tayirod ƙaramar halitta ce da ke kwance a gaban wuya, ƙasa da zakaran wuya, kuma ita ce ke samar da sinadarin da yake daidaita saurin aikin jiki, tun daga bugun zuciya da ɗumin jiki har zuwa motsin hanji da kaifin tunani. Wata halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ita ce ke ba ta umarni ta hanyar sinadarin TSH, kuma tana yi ne kamar uwar da ke kiran yaro daga tsakar gida: idan bai amsa ba sai ta ƙara ɗaga murya. Shi ya sa hawan TSH yake nuna cewa tayiroksin ɗin da ke cikin jini bai isa ba. A yawancin ɗakunan gwaji ana ɗaukar 0.4 zuwa 4.0 a matsayin daidai, saboda haka 9 ɗin da kika samu yana nuna cewa wani kaso na ƙwayar da kike haɗiyewa ba ya isa jininki.

Dalilin yana cikin hanji. Ƙwayar tayiroksin tana buƙatar tsamin ciki kafin ta narke, daga nan ƙaramin hanji ya tsotse ta, kuma ko da a kan cikin da babu komai, abin da ke shiga jini bai cika wuce kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari ba. Lamba 100 ɗin da ke jikin kwalinki maikirogiram ne, wato kashi ɗaya cikin goma na miligiram guda. Ita kuwa ƙwayar ƙarin jini da aka saba bayarwa a asibitocinmu tana ɗauke da kimanin miligiram 65 na sinadarin ƙarfe, wanda ya ninka tayiroksin ɗinki sau 650. Idan suka haɗu a ciki, ƙarfen yakan manne wa tayiroksin su zama wani curi da ba ya narkewa da sauƙi, sai ya wuce ya fita a bayan gida. A shekarar 1992 an wallafa wani bincike a kan mutum 14 masu shan tayiroksin, waɗanda aka ba su miligiram 300 na maganin ƙarin jini a lokaci guda da maganinsu har tsawon mako 12, kuma matsakaicin TSH ɗinsu ya tashi daga 1.6 zuwa 5.4. Da masu binciken suka gauraya sinadaran biyu a ɗakin gwaji, sun ga curin da idanunsu, mai launin shunayya.

Shayin ma yana da nasa laifin, kuma ta fuska biyu. Madarar da ke cikinsa tana da kalsiyam, wanda shi ma yake riƙe tayiroksin, ga burodi da sauran abincin da ke rage tsotsewar ƙwayar. Ganyen shayin kuma yana hana hanji tsotse sinadarin ƙarfe. Ke nan a wannan zaman karin kumallo guda, magungunan biyu duk suna yin asara.

Ga tsarin da nake ba ki shawara. Ki ajiye kwalin tayiroksin kusa da inda kike sallah, da zarar kin tashi da asuba ki haɗiye ƙwayar da kofi guda na ruwa zalla, ba shayi, ba koko, ba kunu. Kafin ki idar da sallah da azkar ki shirya yara, awa guda ta cika, sai ki karya. Idan awa guda ta yi miki wuya, kada ya gaza minti 30. Maganin ƙarin jinin kuma ki mayar da shi bayan azahar ko bayan abincin dare, yadda zai kasance akwai aƙalla awa huɗu tsakaninsa da tayiroksin, kuma ki sha shi da ruwa ko da lemon zaƙi, domin bitamin C yana taimaka wa ƙarfe shiga jiki. Akwai waɗanda suka fi jin daɗin shan tayiroksin lokacin kwanciya barci, kuma hakan ya halatta muddin an yi awa uku zuwa huɗu da cin abincin ƙarshe. Sai dai a gidajenmu, inda tuwon dare kan kai ƙarfe tara, asuba ta fi sauƙin kiyayewa.

Game da ƙara ƙarfin magani, ki koma wurin likitanki ki faɗa masa dalla-dalla yadda kike shan ƙwayoyin, domin mai yiwuwa bai san kin haɗe su ba. Ina ganin ya fi dacewa a fara gyara lokacin shan, a jira mako shida zuwa takwas, sannan a sake gwaji, tunda tayiroksin yana ɗaukar kusan mako guda kafin rabinsa ya bar jini, kuma duk wani canji ba ya bayyana sosai a TSH sai bayan wannan tsawon lokaci. Inda gizo ke saƙa shi ne idan aka ƙara miki zuwa 125 ko 150 alhali kina haɗawa da ƙarfe, sannan bayan wata uku jininki ya cika kika daina maganin ƙarin jinin. A ranar da ƙarfen ya bar hanya, ƙwayar za ta riƙa shiga jini sosai kamar da, sai ki wayi gari da faɗuwar gaba, rawar hannu, yawan gumi da rashin barci, kina neman dalili alhali yana cikin kwalin da ke hannunki. Saboda haka fara maganin ƙarin jini da daina shi duk lokuta ne na sanar da likita da sake gwaji. Ki kuma sani cewa gazawar tayirod ita kanta tana jawo yawan jinin al'ada, don haka daidaita TSH yana cikin maganin ƙarancin jininki.

Tambaya: Likita, ina da ciki wata biyu, kuma ina shan tayiroksin mai lamba 75 tun kafin in yi aure. A wurin awo an ba ni jar ƙwaya da 'yar ƙaramar rawaya da kalsiyam. Surukata ta ce magunguna sun yi wa ɗan tayi yawa, in ajiye na tayirod har in haihu. Ina kuma sha'awar farar ƙasa sosai. (Daga Maraɗi)

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya raba lafiya. Ki yi wa surukarki bayani cikin ladabi, ko ki roƙe ta ta raka ki awo ta ji daga bakin ma'aikatan lafiya, amma kada ki ajiye tayiroksin ko na kwana ɗaya. Sinadarin da ke cikinsa iri ɗaya ne da wanda jikin kowace mace mai ciki ke samarwa, kuma a watannin farko ɗan tayi ba shi da nasa tayirod mai aiki, da na mahaifiyarsa ya dogara wajen ginin ƙwaƙwalwarsa. Nasa yana fara aiki ne wajen mako na 12, kuma ba ya tsayawa da ƙafarsa sai wajen mako na 18 zuwa 20. Gazawar tayirod da ba a magance ba tana ƙara haɗarin ɓari da haihuwar bakwaini da hawan jinin masu ciki.

Hasali ma buƙatarki ƙaruwa take yi. Yawancin mata masu shan wannan magani suna buƙatar ƙarin kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari idan sun samu ciki, kuma ƙungiyar likitocin tayirod ta Amurka tana ba da shawarar a ƙara ƙwaya biyu a kowane mako da zarar an tabbatar da cikin, wato tara a maimakon bakwai, kafin a samu ganin likita. Tunda kin riga kin kai wata biyu, ki nemi a yi miki gwajin TSH a cikin wannan makon, a daidaita miki adadin, sannan a riƙa maimaitawa duk mako huɗu har tsakiyar cikin.

Jar ƙwayar ita ce ta ƙarin jini, kuma dokar awa huɗu ta hau kanta, haka ma kalsiyam. 'Yar rawayar, wato folik asid, ba ta hana tayiroksin aiki, amma babu laifi ki sha ta tare da jar. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne tayiroksin da asuba, kalsiyam da abincin rana, ƙarin jini da dare, domin kalsiyam da ƙarfe su ma suna gasa da juna a hanji. Idan aka ba ki ƙwaya guda mai haɗe da bitamin iri-iri ta masu ciki, ki ɗauke ta a matsayin maganin ƙarin jini, domin akwai ƙarfe a cikinta.

Farar ƙasa kuwa ina roƙonki ki bar ta. Tana riƙe magunguna da sinadarin ƙarfe a cikin hanji, tana cushe ciki, kuma akan samu dalma da ƙwan tsutsar ciki a cikin wadda ake sayarwa a kasuwa. Tsananin sha'awarta sau da yawa alama ce ta ƙarancin ƙarfe a jiki, saboda haka ki faɗa wa ma'aikatan awo su auna jininki. Bayan haihuwa akan koma adadin tayiroksin na kafin ciki, a yi gwaji bayan mako shida, kuma shayarwa ba ta hana shan sa.

Tambaya: Mahaifiyata mai shekara 64 an yi mata aikin maƙoƙo an cire tayirod ɗin gaba ɗaya. An ba ta tayiroksin da kalsiyam sau uku a rana da bitamin D. Tana kuma fama da olsa, tana shan farin maganin ruwa na kemis, wani lokaci ta jiƙa kanwa. Ta yaya zan tsara mata? (Daga Gusau)

Amsa: Malam, Allah Ya saka maka da alheri bisa kula da mahaifiya, Ya ba ta lafiya. Kalsiyam ɗin da aka ba ta yana da dalili. A bayan tayirod akwai wasu ƙananan halittu guda huɗu da ke daidaita kalsiyam a jini, kuma sukan ji jiki yayin tiyata, wasu su farfaɗo cikin makonni, wasu su daɗe. Idan kalsiyam ya faɗi za ta ji yam-yam a kewayen baki da yatsu, ko tsokar hannu ta ɗaure, kuma wannan na gaggawa ne, a kai ta asibiti. Don haka kada a rage mata shi sai da izinin likitan da ya yi aikin.

Amma kalsiyam yana riƙe tayiroksin kusan yadda ƙarfe ke yi. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2000 ya bi mutum 20 da suka sha miligiram 1,200 na kalsiyam tare da tayiroksin na wata uku, TSH ɗinsu ya hau, da suka daina kuma ya sauko. Tunda Hajiya ba ta da tayirod ko kaɗan, ba ta da abin da zai cike mata giɓin ƙwayar da ta salwanta. Idan ta sha tayiroksin da ƙarfe biyar da rabi na asuba, kalsiyam na farko ya jira har ƙarfe goma na hantsi tare da ɗan abin taɓawa, na biyu bayan la'asar, na uku da abincin dare. Bitamin D shi kaɗai ba ya hana komai, ta sha shi tare da kalsiyam. Fura da nono ma a bar su zuwa rana.

Farin maganin olsa na ruwa yana ɗauke da maganiziyam ko alminiyam, kuma duka biyun suna manne wa tayiroksin, saboda haka su ma awa huɗu. Omeprazole da danginsa nasu daban ne, domin rage tsamin ciki suke yi na tsawon yini, kuma raba lokaci ba ya kawar da tasirinsu gaba ɗaya. Idan likita ya ɗora ta a kansu, a sake gwajin TSH bayan wata biyu. Kanwa kuma tana kashe tsamin da ƙwayar ke buƙata, ga gishirin sodiyam mai yawa da ba ya yi wa hawan jini da zuciyar dattijuwa kyau, don haka a lallashe ta ta bari. A shekarunta, tayiroksin da ya wuce kima yana iya rikita bugun zuciya ya kuma zaizaye ƙashi, shi ya sa tsayawa a kan tsari guda kullum ya fi muhimmanci gare ta fiye da kowa a cikin masu tambayar yau.

Tambaya: Ina shan tayiroksin, gashina yana zuba, sai na sayi ƙwayoyin gyaran gashi da farce a Instagram. Da na je gwaji aka ce TSH ya faɗi ƙasa sosai, T4, wato sinadarin tayirod da ke cikin jini, ya hau, za a rage mini magani, alhali ni ban ji wani canji a jikina ba. (Daga Kaduna)

Amsa: Ƙanwata, ki ɗauko robar ki duba jerin abubuwan da ke ciki, ina kyautata zaton za ki ga biotin, wato bitamin B7. Abin da babban mutum ke buƙata a rana maikirogiram 30 ne kacal, amma ƙwayoyin gashi sukan ɗauki 5,000 zuwa 10,000. Wannan bitamin ba ya taɓa tayirod, ba ya kuma hana tayiroksin shiga jini. Na'urar gwaji yake ruɗawa. Da yawa daga cikin na'urorin da ke auna waɗannan sinadarai suna amfani da shi a cikin haɗin da suke aiki da shi, to idan ya yi yawa a jinin da aka ɗiba sai lissafin ya karkace, TSH ya fito ƙasa da gaskiya, T4 da ɗan'uwansa T3 su fito sama da gaskiya. Takardar sai ta yi kama da ta mai tayirod mai aiki fiye da kima, kuma idan aka bi ta aka rage miki magani, gazawar ce za ta dawo, gashin ya ƙara zuba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kan wannan a shekarar 2017, har ta ambaci cewa yana iya ɓoye sakamakon gwajin jini na gaggawa da ake gano ciwon zuciya da shi.

Ki daina shan ƙwayar aƙalla kwana biyu, in so samu ne uku, ki sake gwajin kafin a taɓa adadin maganinki, kuma ki tafi da robar ki nuna wa likita. A ranar gwajin ki jinkirta tayiroksin har sai an ɗebi jinin. Shi kuma gashin, a auna ƙarfen jikinki, domin ƙarancinsa yana cikin manyan dalilan zubewar gashi ga mata, haka ma tayiroksin da ya gaza ko ya yi yawa, da kitso mai tsauri da ke cinye gaban goshi.

Tambaya: Likita, na gaji da shan ƙwaya kullum. Na ga ana tallar maganin gyaran tayirod na ganye mai aidin da ciyawar teku, an ce yana warkarwa gaba ɗaya. Ina kuma shan garin zogale da habbatus sauda. Wani ya ce in daina cin gero da awara. (Daga Jos)

Amsa: Malam, gajiyar da ka ambata gaskiya ce, kuma duk mai ciwon da ake sha wa magani kullum ya san ta. Amma ina ba ka shawara da babbar murya kada ka sayi wannan magani.

Aidin shi ne abin da tayirod ke gina sinadarinsa da shi, kuma ƙarancinsa ne ya sa maƙoƙo ya yawaita a da a yankunan tuddai da ke nesa da teku. Tun farkon shekarun 1990 aka wajabta sanya shi a gishirin da ake sayarwa a Najeriya, kuma buƙatar babban mutum maikirogiram 150 ce a rana. Wanda tayirod ɗinsa ya lalace saboda cutar Hashimoto, wadda wani likita ɗan Japan ya bayyana a 1912, inda garkuwar jiki ke yaƙar tayirod, ko wanda aka cire masa shi, ƙarin aidin ba zai tayar masa da abin da ya mutu ba. Yawan aidin ma yana iya ƙara danne ragowar tayirod mai Hashimoto, ko ya tunzura na mai tsohon maƙoƙo ya yi aiki fiye da kima, kuma ciyawar teku tana iya ɗaukar aidin da ya zarce iyakar maikirogiram 1,100 da aka ƙayyade a rana.

Akwai abin da ya fi wannan tayar da hankali. A shekarar 2013 masu bincike a Amurka sun auna irin waɗannan magunguna guda 10 da ake sayarwa ba tare da takardar likita ba, suka tarar 9 suna ɗauke da sinadarin T3, 5 kuma da T4, wato ainihin sinadarin tayirod a adadin da mai sha bai sani ba. Mutum zai ji ƙarfi a makonnin farko ya ɗauka ganye ne ya yi aiki, alhali magani yake sha a kan magani. Ganyen ashwagandha da ake yawan sakawa a ciki shi ma yana iya ɗaga sinadarin tayirod. Lambar hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, NAFDAC, da ke jikin maganin gargajiya kuwa ba shaida ba ce cewa yana warkar da abin da aka rubuta, shi ya sa za ka ga an buga a jikin irin waɗannan robobi cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Seleniyam, wanda shi ma ake tallatawa, yana rage alamar garkuwar jiki a takardar gwaji, amma bai maye gurbin tayiroksin ba, kuma idan ya wuce maikirogiram 400 a rana yana zubar da gashi ya lalata farce.

Zogale abinci ne mai kyau, ka ci kwaɗonsa da miyarsa. Garinsa da ake sha cokali-cokali yana da kalsiyam da ƙarfe da harza, don haka ka bar shi zuwa rana. Habbatus sauda tana da daraja a wurinmu, kuma wani ƙaramin bincike na mutum 40 a Iran a 2016 ya ga TSH ya ɗan sauka ga masu Hashimoto da suka sha ta na mako takwas. Ka sha daidai gwargwado, nesa da lokacin ƙwayar, ka sanar da likitanka, amma kada ka sa ta a madadin tayiroksin.

Maganar gero tana da asali, domin an danganta shi da maƙoƙo a Darfur ta Sudan, inda ya kasance kusan shi kaɗai ne abinci kuma aidin ya yi ƙaranci. Tasirinsa a kan aikin tayirod ne, kai kuwa sinadarinka daga ƙwaya yake zuwa, saboda haka ka sha furarka da kununka. Awara da madarar waken suya su ne suke rage tsotsewar ƙwayar a hanji, kuma maganin wannan shi ne kada ka karya da su, ka ci da yamma.

Tambaya: Yaya zan yi da tayiroksin da maganin ƙarin jini a watan azumi? (Daga Kumasi)

Amsa: Hajiya, hanyoyi uku ne, ki zaɓi wadda za ki iya riƙewa har ƙarshen wata. Ta farko, ki tashi da wuri ki sha ƙwayar minti 30 zuwa awa guda kafin sahur. Ta biyu, ki buɗe baki da ruwa da ƙwayar, ki yi sallar magariba, ki jira rabin awa sannan ki ci abinci, kuma wannan tana da ƙarfi domin cikin ya yini babu komai, sai dai jiran yana yi wa mutane da yawa nauyi. Ta uku, lokacin kwanciya, idan kin yi awa uku ba ki ci komai ba bayan tarawihi. Maganin ƙarin jini da kalsiyam sai su koma ɗaya gefen daren: idan tayiroksin na sahur ne, su a sha su bayan buɗe baki, idan kuma na magariba ne, su koma sahur. Ranar da kika makara har lokaci ya ƙure, ki sha ƙwayar tare da sahur ɗin, domin shiga rabi ya fi rashin sha. Ki ajiye kwalin a wuri mai sanyi da duhu, nesa da madafa da taga, tunda zafi da laima suna rage ƙarfin ƙwayar, kuma ki yi ƙoƙari ki tsaya a kan samfurin kamfani guda. TSH yakan ɗan hau ga wasu a ƙarshen azumi, saboda haka kada a canza miki adadi bisa gwajin satin sallah. A jira mako shida bayan kin koma tsarinki na asuba, sannan a auna.